Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Motar farko kan bar gindin dutse biyar saura kwata.
Littafi a cinyata, hazon Lima a gilashi,
awa biyu daga San Juan de Lurigancho zuwa jami'a,
ina karanta yadda ake jera mutane hawa-hawa
alhali gwiwar hannun wani magini na tokare da haƙarƙarina.

Babana Teófilo ya tambaya tun shekarar farko:
"Ilimin zamantakewa, Nélida? Zama ma sai an koya?
'Yar maƙwabta ta karanci jinya, ga ta da farar riga.
Ke me za a kira ki?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Ya hura shayinsa, bai ƙara ba.

A aji na gane ashe aji iri biyu ne:
wanda ake shiga da biro,
da wanda ake haifar mutum a ciki.
Aka ba mu kalmomi masu nauyin bulo,
na kinkimo su gida, na rasa wurin ajiyewa.
Ɗakinmu ba kanta.

Shekara ta uku, Malama Ordóñez ta haska taswira a bango,
ta ɗora sanda kan wani tabo ja wur.
"Nan ruwa ba ya hawa sai a tanka,
kuma sun fi masu famfo biya."
Kowa ya sunkuya yana rubutu.
Ni ban rubuta ba. Na san direban tankar.
Rufino ne, mai giɓi,
yana binmu kuɗin durom biyu.

Sai aikin fita: tambaya ashirin, mutum talatin.
Na bi matakala mai rawayan fenti har inda ta ƙare.
Wasu suka ja ƙofa, sun zaci haraji na zo karɓa.
Wata tsohuwa ta amsa da Kecuwa,
harshen da kakata ta tafi da shi kabari,
na tsaya riƙe da biro kamar baƙuwa a jana'iza.
Ashirin da tara. Saura ɗaya. Duhu ya rufa.

Na ja kujera gaban mahaifiyata.
Eusebia, tana naɗe ƙullun masara a ganyen ayaba.
Shekaru? "Hamsin da biyu. Ko da uku."
Mahaifa? "Ayacucho."
Dalilin ƙaura?
Ta daɗe tana duban tukunya.
"Rubuta sanyi."
Na san ba sanyi ne ya hana yayanta dawowa daga gona ba,
amma na rubuta sanyi.

Tambaya ta goma sha ɗaya: sana'a?
"Ba ni da ita. Babanki ne mai aiki."
Hannunta bai tsaya ba,
ta ɗaure ƙunshi na saba'in da zare,
ta ciza, ta jefa a kwando.
Ita da kan tashi uku na dare,
ta sauko dutse da kwando a baya,
ta tsaya bakin tasha har rana ta ƙona hazo.
Kuɗin motata daga kwandon nan ne.
Biron da ke hannuna ma.

Gurbi huɗu ne a takardar,
ba wanda zai ɗauke ta ko da a karkace.
Na bar su fayau, na juya baya,
na cika shi da ƙananan haruffa har fitila ta gaji.

Takardar ta dawo da jan biro:
"Ba a cike sha ɗaya ba. An rage maki biyu."
Can ƙasa, da fensir, kamar raɗa:
"Daga nan kundinki zai fara."

Yau da asuba tururi ya cika ɗakin.
Ba ta juyo ba ta ce, "Kin gama ƙirga mu?"
Na ce, tukuna.
Ta ce, "To, riƙe min murfin nan."